Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinonin Ilimi Na Jihohin Arewa Kan Darussan Bidiyo



Tun da korona ta rufe makarantu a 2020 aka koma sa darussa a rediyo da talabijin, karatu ta bidiyo ya samu gindin zama a wurinmu. Yau mai shirin WAEC ko JAMB yakan nemi darasi a YouTube. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare, kuma ina da ɗan jan hankali kafin ku ƙara zuba kuɗi a harkar.

Kwanan baya na nuna wa 'yan SS1 wani bidiyo mai kyau kan yadda zafi da sanyi ke zagayowa a shekara. Kowa na gyaɗa kai. Da aka gama na tambaye su me ke kawo zafin bazara, sai aji ya ɗauka: "Malam, rana ce ta matso kusa." Alhali a farkon Janairu duniya ta fi kusantar rana, daidai lokacin da hunturu ke fasa mana leɓe. Bidiyon ya faɗi cewa karkatar duniya ce sanadi, amma maganar ta bi ta bayan kunnensu.

Yaro yakan zo aji da nasa bayanin a ka. In aka shimfiɗa masa gaskiya sumul, sai ya ɗauka abin da ya sani ne ake maimaitawa, ya saki jiki.

Derek Muller, mai tashar Veritasium a YouTube, ya gwada wannan a binciken digirinsa na uku a Jami'ar Sidni ta Ostareliya, wanda ya kammala a 2008. Ɗaliban da suka kalli bayanin dokokin Newton kai tsaye sun yaba da sauƙinsa, sun ƙara yarda da kansu, amma makinsu kusan bai motsa ba. Waɗanda aka fara nuna musu kuskuren da aka saba yi, sannan aka warware shi, sun ce darasin ya rikita su, sai ga makinsu ya kusa ninkawa.

Don haka, kafin a kunna kyamara, a tattaro kurakuran yara daga bakin malaman aji da rahoton manyan masu duba jarrabawar WAEC. Kowane bidiyo ya buɗe da tambaya, malami ya tsayar da shi, yara su faɗi hasashensu ko da Hausa ne, domin da ita suke tunani. Sannan a riƙa gwada su kafin kallo da bayansa. Yawan masu kallo da "mun gane, Malam" ba su isa shaida ba.

Manomi yakan yi sharar gona kafin ya zuba iri. Ni ma da na koma wa 'yan SS1 ɗin nan a mako na biyu, da amsarsu na fara, na ce to me ya sa ake rawar ɗari a Janairu? Aji ya yi tsit, sai gardama ta kaure. A ranar suka saurari bidiyon.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin kimiyya