Zama Ko Gudu: Jan Hankali Ga Ɗaliban Foda Mas Na Ƙasar Rano Da Kibiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Haƙiƙa wani abu ne sananne a makarantun sakandare na ƙauyuka cewa ranar da aka buɗe aji huɗu na ɓangaren kimiyya, ajin babban lissafi, wanda ɗalibai ke kira Foda Mas, yakan cika har wasu su rasa benci, amma kafin zango na biyu ya ƙare sai a iske saura 'yan ƙalilan. Ɗalibi ɗan Kahu, ko na wani gari a ƙasar Kibiya da Rano, wanda a ƙaramar sakandare shi ake nunawa da yatsa wajen lissafi, sai ya karɓi takardar gwajin farko ya ga makin da bai taɓa gani ba. Daga nan abokai su fara zuga shi, su ce ai darasin ba dole ba ne, me zai sa mutum ya ɗora wa kansa wahala. Wannan shawara tana da nauyi fiye da yadda masu ba da ita suke zato, don haka ya kamata a zauna a duba ta da idon basira.

Da farko dai gaskiya ne cewa Foda Mas ba dole ba ne. Lissafin da yake wajibi a jarrabawar WAEC da NECO shi ne lissafin gama-gari, kuma shi jami'o'i ke nema a cikin kiredit biyar ɗin nan, tare da Turanci. Haka kuma JAMB ba ta da wata takarda ta daban mai suna Foda Mas. Mai neman karatun injiniya Turanci da Lissafi da Fiziks da Kimistiri zai rubuta. To amma masu kafa hujja da wannan sukan tsaya a nan ne, ba sa ƙarasa zancen. Abin da ake koyarwa a Foda Mas, wato kalkulas da bekta da lissafin ƙarfi da motsi da lissafin yiwuwar aukuwar abu, shi ne dai abin da ke jiran ɗalibi a shekarar farko ta injiniya ko kwamfuta ko Fiziks, ko a Jami'ar Bayero ne, ko a Ahmadu Bello ta Zariya, ko a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da aka kafa a 2001. Bambancin shi ne a sakandare ana ba shi shekara uku a aji ƙarami, a jami'a kuwa 'yan watanni ne a ɗaki mai ɗaruruwan mutane, inda malami bai san sunan kowa ba. Wanda ya gudu a aji huɗu ya ɗage wahalar ne zuwa lokacin da za ta fi tsada.

Abu na biyu, tsoron da ake ba ɗalibai cewa F9 a Foda Mas zai ɓata masu takarda, tsoro ne da ya wuce kima. Jami'a tana duba kiredit, daga A1 zuwa C6, a darussa biyar da suka shafi abin da mutum zai karanta. Wanda ya samu waɗannan biyar ɗin, faɗuwa a wani darasi na zaɓi ba ta hana shi shiga. Bugu da ƙari, sai a ajin ƙarshe ake yin rajistar darussan jarrabawa. Ke nan ɗalibi yana da damar ya zauna aji huɗu da aji biyar yana kwasar karatu, sannan ya yanke hukunci da sani, ba da firgicin gwaji ɗaya ba. Ko da a ƙarshe bai yi rajistar darasin ba, abin da ya koya ba zai bar kansa ba, kuma zai ga amfaninsa a Fiziks da lissafin JAMB.

Masu cewa wannan karatu ba na ɗan ƙauye ba ne, ko ba na Bahaushe ba ne, su koma tarihi. A 1977 gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, saboda ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar, ana zaɓar yara ta hanyar jarrabawa daga birni da ƙauye, kuma da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa can suka fito. Farfesa Iya Abubakar, wanda aka haifa a Belel ta ƙasar Adamawa, da lissafi ya shahara har ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Tun kafin zuwan Turawa ma, Malam Muhammadu Al-Fulani Al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan jera lambobi gida-gida ta yadda jimillarsu za ta zo daidai ta kowace fuska, kuma masana tarihin lissafi suna ambatonsa har gobe. Ita kanta kalmar aljebra daga sunan littafin Al-Khawarizmi ta samo asali, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma babban kaso na littafin a kan lissafin gado da wasiyya yake.

A nan ne ɗalibin da ya yi Islamiyya ya kamata ya gane cewa ba baƙo ba ne a wannan fage. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba. Mata tana da sumuni, 'ya'yan biyu suna da sulusi biyu, uwa da uba kowa yana da sudusi. In aka yi asalin mas'ala 24, mata ta ɗauki 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4, jimilla ta tashi 27, ta fi asalin. Sai a yi auli, a raba dukiyar gida 27, kason kowa ya ragu daidai gwargwado. Yaron da ya zauna gaban malami ya warware wannan, ƙwaƙwalwarsa ba ta gaza ɗaukar Foda Mas ba. Abin da ya rage masa shi ne irin juriyar da ya yi wa wancan karatun.

Amfaninsa kuwa yana nan a ƙofar gida. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa. Ruwan da ke fita daga madatsa ba ya tafiya da gudu ɗaya; yayin da tsayin ruwan ke raguwa, ƙarfin fitarsa ma raguwa yake yi. Lissafin abin da ke canjawa a kowane lokaci irin wannan shi ne kalkulas. In 'ya'yan manoman yankin suka ƙi koyonsa, to kullum sai dai a ɗauko masu wani daga nesa ya auna masu ruwansu da hanyoyinsu da gadojinsu.

Duk da haka ba adalci ba ne a ce duk wanda ya bar ajin rago ne. Akwai dalilai na gaskiya. Ɗalibin da tushensa ya lalace, wanda har yanzu warware lissafin da ba a san lamba ɗaya a cikinsa ba yana ba shi wuya, kuma yana kan gaɓar rasa kiredit a lissafin gama-gari, to wajibi ya fi ƙarfin nafila; ya koma ya gyara tushe. Wanda kuma ya tabbatar likitanci ya nufa, Bayoloji da Kimistiri da Fiziks su ne a gabansa, in lokaci ya yi masa kaɗan babu laifi ya sauke. Sannan akwai matsalar rashin malami, domin a makarantun karkara sau da yawa ɗan bautar ƙasa ne ke riƙe da darasin, shekara na cika ya tafi. Ga aikin gona da damina, ga rashin wutar karatu da dare. Waɗannan duka abubuwa ne da ake gani.

Saboda haka kafin ɗalibi ya yanke hukunci, ya tambayi kansa abubuwa uku. Shin bai gane ba ne bayan ya zauna da biro da takarda ya yi ta gwadawa, ko kuwa kallon allo kawai yake yi ya rufe littafi? Shin ya je ya samu malamin shi kaɗai ya nuna masa daidai layin da ya ɓace? Shin ya san abin da yake son karantawa gobe, ko zancen majalisa yake bi? In amsar ta nuna bai yi nasa ƙoƙarin ba, to ya ba kansa zango ɗaya cikakke: tambayoyi biyar kullum bayan asuba, da zama da abokai uku ko huɗu sau biyu a mako a kan tsofaffin takardun jarrabawa, kowa ya hau allo ya yi wa sauran bayani. Lissafi da hannu ake koyonsa, kamar yadda ba a koyon huɗa da kallo daga bakin gona.

Akwai kuma haƙƙi a kan yayye da ke jami'a da kwalejin ilimi. In suka dawo hutu, maimakon a ƙare kwanaki a bakin titi, su tara ƙannensu a aji ko a zaure su koya masu. Iyaye kuma su ɗaga wa yaro ƙafa a lokacin jarrabawa, ko da aikin gona ya matso.

A taƙaice, wanda ya nufi injiniya ko kwamfuta ko Fiziks, kuma lissafinsa na gama-gari yana tsaye, ya zauna a ajin ko da makinsa ya faɗi a zangon farko, domin mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romo. Wanda kuma zai fita, ya fita bayan shawarar malaminsa da ta iyayensa, da dalilin da zai iya faɗa a gaban kowa ba tare da kunya ba.

Allah Ya buɗe ƙwaƙwalen matasa, Ya sanya albarka a karatunsu, amin. Wassalam.