Babur na ihu a kan kwalta yana shan mai: a daina cewa "a matse kafireta"

Yau maganar babur za mu yi, wayar taku za ta shigo daga baya. Na san wasu kanikawa ba za su ji daɗin rubutun nan ba, sai dai su yi haƙuri.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Mutumin Unguwar Gai da ke hawa tsohuwar Boxer ko Jincheng ya je Kibiya, ya wuce Rano, wani lokaci ya miƙa ta Bunkure har ya faɗa titin Zariya zuwa Kano, shi ya san inda abin ke masa ciwo. Koken ɗaya ne kullum: da an hau kwalta injin sai ya kama ihu kamar yana neman wata giyar da babu ita, mai kuma kamar tsiyayar da shi ake yi. A kai wa bakanike, bai hau ba, bai duba komai ba, sai ka ji: "Kafireta ce, bari a matse ta." Ya murɗa ɗan kusar nan na gefe, a ba shi na goro, a tafi. Bayan kwana uku a dawo da koke guda.

Haba jama'a. Ku tsaya ku yi tunani. Idan kana giya ta huɗu, inji da tayar baya a ɗaure suke da juna ta haƙoran ƙarfe da sarƙa. Inji ya juya sau kaza, taya ta juya sau kaza, lissafi ne tsayayye. Kafireta ba ta da hannu a wannan lissafi ko kaɗan, aikinta haɗa mai da iska ne. Saboda haka in babur ɗin da a da yake tafiyar kilomita 70 cikin natsuwa yau ya koma yana kururuwa a gudu ɗaya, abu uku ne kawai za su iya sa haka: ko kuloci na zamewa, ko an canza siforoket, ko an sa ƙaramar taya a baya. Ka matse kafireta har kusar ta karye, ihun na nan.

Kuma kusar da ake matsewar, ikonta a sulo yake, wato lokacin da babur ke tsaye yana aiki ko totur a ɗan buɗe. Da ka murɗa totur a kan titi, allurar cikin kafireta da babban jet ne ke auna mai. Abin dariyar ma, kusar iri biyu ce. Wadda ke ɓangaren inji mai take sarrafawa, in an matse ta mai ya ragu. Wadda ke ɓangaren iyakilina kuwa iska take sarrafawa, in an matse ta iska ce ta ragu, man ya ƙaru. Wato akwai wanda ya biya kuɗi aka ƙara masa shan mai, ya yi godiya ya tafi.

Masu wuce nan su saka ƙaramin jet ko su sauke allura, su ne suka fi ban tsoro. Injunan nan iska ce ke sanyaya su, ba ruwa. In mai ya yi ƙaranci a cikin haɗin, wutar ciki takan yi zafi fiye da ƙima, a ranar bazara kuma, da buhun masara a baya. Ƙarshenta bawul ya ƙone ko fistin ya kama. Ka adana ɗari biyar ɗin mai, ka kashe kuɗin sauke inji. An yi gudun gara an faɗa gidan zago kenan.

To ga gwajin kuloci, ba ya bukatar ko sifana. Ka sa giyar ƙarshe kana tafiya a hankali, sai ka buɗe totur lokaci ɗaya. In ƙarar inji ta yi sama amma gudun bai biyo ta ba, kulocinka na zamewa, man da kake ƙonawa yana tafiya ne a zafin faifai maimakon taya. Kafin ka sayi sababbin faifai, taɓa hannun kulocin: dole ya kasance da ɗan sako-sako kafin ya fara ja. Wayar kuloci da aka ɗaure tamau kamar tsirkiya ita kaɗai ta isa ta sa zamewa. Sai baƙin mai. Kulocin baburan nan a cikin baƙin mai yake wanka, kuma wasu mayukan mota na da sinadarin rage gogayya da ke sa faifai santsi. Ka duba jikin galan ka ga an rubuta JASO MA, shi ne ma'aunin Japan na irin wannan kuloci. Wanda ake aunawa a kwalba a bakin hanya, ba suna ba lakabi, Allah kaɗai ya san na mene ne.

Siforoket kuwa, nan ne yawancin tsofaffin baburan ƙauye ke da labari. Babur ya bi hannu uku ko huɗu, wani cikinsu ɗan dakon buhu ne, ya sa babban siforoket a baya don ya samu ƙarfin ja a yashi. Ko kuma an je canza sarƙa, mai shago ya ba da wanda yake da shi, ba wanda ya ƙirga. Ka durƙusa ka ƙirga haƙoran da kanka. Misali gaba 14, baya 42: na gaba zai juya sau 3 kafin taya ta juya sau ɗaya. In na bayan 45 ne, ya zama 3.2, ƙarin kashi 7 cikin ɗari. Injin da ke juyi 6,000 a minti ya koma sama da 6,400 a gudu guda. In kuma ka mai da na gaba 15 a kan 42, ya sauko 5,600, kunnenka ma zai ji bambanci. Amma fa ba kyauta ba ne: ƙarfin ja zai ragu. Wanda kullum goyo biyu ne da buhu a hanyar burji, in ya yi haka sai ya riƙa danne totur yana sauke giya, ribar ta gudu. Mai bin kwalta shi kaɗai ne wannan ta yi wa rana.

Ba na cewa kafireta ba ta taɓa laifi. Allura na cinyewa, fulot na huda ya riƙa ambaliya, cok na maƙalewa. Amma fulogi zai faɗa maka: baƙi mai kunkunniya mai ya yi yawa, fari fat ya yi kaɗan, ruwan ƙasa-ƙasa lafiya lau. In ka ga baƙi ma, fara da iyakilina, don ƙurar hunturu kan toshe soson, inji ya rasa iska ya riƙa zuƙar mai. A wanke soson, ba a cire shi a yar ba kamar yadda wasu ke yi, ƙura ta cinye ringi. Sauran ƙanana ne: iskar taya, sarƙa busasshiya, birkin da ke riƙewa (taɓa gangar birki bayan tafiya, in da zafi ba ka taka ba, yana ci maka mai).

Mu ma masu babur da namu. Mu ne ke zuwa da maganin a baki, "a matse min", don shi ne mai arha. Kuma mu ne ke son inji mai cc 100 ya yi tseren Sharon a titin Zariya. Turjiyar iska ba a hankali take ƙaruwa ba: daga kilomita 60 zuwa 80 ta kusa ninkawa. Masu sayen maganaɗisu da ƙwayoyin jefawa a tanki da ake tallatawa a Facebook da TikTok, ku sani hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan na'urori sama da 100, ba ta samu wadda ta rage shan mai yadda za a kula ba.

Yanzu ga aikin wayar. Malejin yawancin tsofaffin babura ya mutu tuntuni, shi ya sa kowa ke auna mai da "ji nake yi". Cika tanki har wuya, kunna Google Maps ko kowace manhajar GPS mai ƙirga tafiya, yi zirga-zirgarka, ka koma famfon da ka sha ka sake cikawa har wuya. Raba kilomita da litar da ta shiga: 90 a lita 2, kilomita 45 kenan kowace lita. Rubuta a waya. Sannan a gyara abu ɗaya tak, kuloci ko siforoket ko iyakilina, ka sake aunawa a hanya guda da kaya iri guda. Duk bakaniken da ya ce ya gyara, ka nuna masa lambobin biyu.