Kafin Mu Zargi Ɗan Aike, Mu Duba Takardar da Muka Ba Shi

Duk wanda ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai ya san abin da ke faruwa idan aka aiki ɗan aji ɗaya wanda bai yi mako guda a makaranta ba. A ce masa, "Je ka wurin malam ka karɓo littafin nan." Wane malam? Wane littafi? Yaron yana jin tsoron tambaya, sai ya tafi ya dawo da abin da ya ga dama, mu kuwa mu ce ba shi da wayo. Irin wannan ne ke faruwa yanzu tsakanin mutane da kwamfuta.

Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, mutane suka saba da na'urar da ke amsa tambaya. A 2023 aka buɗe mata hanyar kiran wasu manhajoji su yi mata aiki, kamar duba yanayin sama, aika wasiƙa ko buɗe fayil. A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fito da wani tsari mai suna MCP domin haɗa ta da irin waɗannan kayan aiki. Da haka ƙirƙirarriyar basira ta tashi daga mai ba da amsa ta zama ɗan aike.

To, ta yaya ɗan aiken nan yake sanin amfanin kowane kayan aiki? Ba ya ganin cikinsa. Abin da ake ba shi kawai shi ne sunan kayan, da ɗan bayani a rubuce, da jerin guraben da zai cika. A ganinmu, wannan ɗan bayani ya cancanci a duba shi da tsanani kamar yadda malaminmu na kimiyya ke duba takardar da aka manna a jikin kwalaben ɗakin gwaje-gwaje. Abin baƙin ciki, sau da yawa shi ne abin da ake rubutawa a gurguje bayan an gama komai.

Ga misali. An rubuta cewa, "Wannan kayan aiki yana nemo sakamakon ɗalibi." Ga wanda ya rubuta, magana ta ƙare, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma da suna za a nema ko da lambar shiga makaranta? In akwai Musa biyu a aji ɗaya fa? Sakamakon wane zango? In kuma akwai gurbin kwanan wata aka sa 3/4, mu nan za mu ce 3 ga Afrilu, mutumin Amurka kuwa zai ce 4 ga Maris. Kada wani ya ɗauki wannan ƙaramin abu. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter, domin wata manhaja tana ba da lissafi da ma'aunin fam, wadda ke karɓa kuwa tana ɗaukarsa a ma'aunin mita. Can ma ƙwararrun mutane ne, balle ɗan aiken da ba shi da komai sai 'yan layukan da muka rubuta masa.

Wasu za su ce ai na'urorin nan kullum ƙara wayo suke yi, za su gane abin da ake nufi. Mun yarda suna ƙara wayo. Amma wayon nan ne ke ba mu tsoro, domin sau da yawa inda bayani ya gaza ba ta cewa "ban gane ba", sai ta yi zato ta wuce. Zato a kan yanayin sama ba komai. Zato a kan tura kuɗi ko share fayil kuwa, sai dai a yi kuka daga baya.

Saboda haka, bai kamata marubucin bayani ya zama shi ne alƙalinsa ba. A miƙa wa wanda bai taɓa ganin manhajar ba, a tambaye shi me take yi, yaushe za a yi amfani da ita, yaushe kuma bai kamata a taɓa ta ba. Wannan ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa. Daga nan a ba ɗan aiken kansa ayyuka masu yawa, har da waɗanda kayan bai dace da su ba, a ƙirga sau nawa ya zaɓi daidai, sau nawa ya cika gurabe daidai. A ƙarshen 2024 injiniyoyin Anthropic sun ba da labarin cewa na'urarsu tana ɓata wajen nemo fayiloli idan ta sauya wurin aiki. Da suka gyara kayan aikin ya zama dole a rubuta cikakken adireshin fayil, kuskuren ya kau.

Ba muna cewa a cika surutu ba. Ɗan aiken yana iya riƙe kayan aiki da dama a lokaci guda, kuma bayanin kowanne yana cin wuri a cikin abin da zai iya karantawa.

Akwai kuma batun amana. A 2025 masu binciken tsaron kwamfuta sun nuna cewa mugun mutum yana iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, ya ce wa ɗan aiken ya kwaso asirin mai kwamfuta ya aika masa. Mai kwamfutar sau da yawa sunan kayan kawai yake gani a allo, ɗan aiken kuwa yana karanta bayanin duka, kuma yana iya bi. Don haka mai duba bayani ya karanta shi daga farko har ƙarshe kafin ya haɗa shi da na'urarsa, ya kuma sake karantawa duk lokacin da masu kayan suka sabunta shi.