RAINON YARA: WA KE BIYAN KUƊINSA?

Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram da hantsi, zai ga yarinya ƴar shekara bakwai ko takwas da goyo a bayanta, tana kai da kawowa kusa da rumfar uwarta. A wannan sa'a tsaranta suna cikin aji. Uwar ba ta ƙi lakwal ba. Sana'arta ce ke ciyar da gida, kuma ba ta da wanda za ta bar wa jinjirin sai yayarsa. Ana cewa rainon yara a ƙasar nan kyauta ne, tun da dangi ke yin sa. Gaskiyar magana, ana biyansa da tsada, kuma ɗiya mace ce ke biya da karatunta.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa ƴan Nijar sun wuce miliyan 17, kuma kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Binciken lafiyar iyali na wannan shekara ya nuna cewa, in aka raba daidai, kowace mace na haihuwar ɗiya fiye da 7. Ƙasar da ke da ƙananan yara haka ba ta iya barin rainonsu a wuyan mata su kaɗai ba.

Ba a ce hukuma ba ta yi kome ba. Dokar aiki ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14. Asusun CNSS yana biyan kuɗin ɗiya ga masu albashi. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta sa makarantun share fage cikin sassan karatu na ƙasa, kuma a watan Disamba na 2017 aka sa hannu kan dokar kare ɗiya mata da ke cikin karatu. Sai dai hutun haihuwa da kuɗin ɗiya na masu takardar albashi ne, su kuwa ƴan kaɗan ne cikin jama'a. Mai tuyar ƙosai, da mai surfe, da mai ban ruwa a fadamun Jiratawa ko na Ƙonni, da mai aikin albasa a Galmi, babu ɗayansu da ke ganin ko dala. Doka kuma ba ta maida yarinya aji muddin goyon yana bayanta.

Akwai darasi a ƙasar Indiya, wadda ta ɗauki wannan aiki tun tana cikin matalautan ƙasashe. Ranar 2 ga Oktoba 1975, gwamnatin Indira Gandhi ta buɗe wani shiri na kula da ƙananan yara a yankuna 33 kawai. A kowane ƙauye ko unguwa ana keɓe ɗaki guda da ake kira anganwadi, wato mafakar tsakar gida. Mace ƴar garin ce ke riƙe da shi, tare da mataimakiya. Ana ba yara abinci, ana auna nauyinsu, ana lura da allurar rigakafi, ana koya wa ƴan shekara 3 zuwa 6 wasa da ƙirga, ana kuma kula da masu ciki da masu shayarwa. Cibiyoyin sun yaɗu har suka wuce miliyan guda. Abin da ya raya su shekaru da dama shi ne, kuɗinsu yana cikin kasafin gwamnatin tarayya da na jihohi kowace shekara.

Shirin yana da nasa aibi, kuma aibin ma abin koyi ne. Ba a ɗauki matan nan a matsayin cikakkun ma'aikatan gwamnati ba, ihisani ake ba su. Ko da aka ƙara shi a 2018, abin da gwamnatin tarayya ta tsayar wa mai riƙe da cibiya rupi 4,500 ne a wata, shi ya sa suka sha shiga yajin aiki. Cibiyoyi da yawa kuma ƴan sa'o'i suke buɗewa, ba su kai tsawon yinin uwa a gona ko a kasuwa ba.

To, abin da ke sa gidan raino ya ɗore shi ne albashin mai raino. Gina ɗaki ba shi da wuya: wata ƙungiyar agaji na iya ginawa, a yanka ƙyalle, a buga tambura. Amma in wa'adin shirin ya cika, aka ce iyaye su haɗa kuɗin malama, fari guda ya isa ya rufe ƙofar. Talakan da hatsinsa ya ƙare tun kafin damina ba ya fid da jaka guda don raino, kuma babu mai ganin laifinsa.

Wasu za su ce baitulmali ba shi da ƙarfi, ga tsaro, ga yunwa, ga azuzuwan zana da ba a gina ba tukuna. Maganarsu tana da nauyi. Amma gwamnati ta riga tana biyan malamin da kujerun ɗiya mata suke wofi a ajinsa, tana kuma biyan jinyar yaron da tamowa ta kama don an yaye shi babu mai lura da cinsa. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha. Wasu kuma za su ce raino aikin kakanni ne. Haka ne a gidan gandu. Amma a Yamai ko Tawa, inda ma'aurata ke haya a ɗaki guda, kakar tana can ƙauye, ita ma da nata aikin.

Don haka ya kamata a raba kayan bisa ƙarfin kowa. Gwamnati ta ɗauki albashin masu raino da horonsu a makarantun horon malamai, ta rubuta shi a kasafin kuɗi, ba ta jira na baƙi ba. Magadan gari su ba da fili da rumfa da ruwan sha, kusa da kasuwa, da garakan noman rani, da lakwal, don yayar ta aje ƙanenta ta shiga aji. Gidan likita na kusa ya riƙa zuwa awo da rigakafi. Iyaye su kawo abin da ya sauƙaƙa, ko tiyar hatsi ce bayan girbi, kuma kada a kori yaro don uwarsa ta rasa. A fara da ƴan wurare kaɗan kamar yadda Indiya ta fara, a riƙe su da kyau, sa'an nan a faɗaɗa.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A nan itatuwa biyu ne: jinjirin da ke goye, da yarinyar da ke goyon. Albashin mace guda mai raino yana ceton su duka. Ya rage ga masu tsara kasafin ƙasa su rubuta shi.