Datse reshe daban, sassabe daban

Duk lokacin da gwamnati ta tashi rage kashe kuɗi, akwai kalmar Turanci da kan bayyana a takardu da jaridu, wato "prune". Mai fassara kan yi saurin mayar da ita "zaftare", alhali asalinta kalmar masu lambu ce: datse rassan da suka bushe ko suka cunkushe domin itace ya sha iska da rana, ya ƙara 'ya'ya. Mai gonar mangwaro a Kuta, hedkwatar ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja, ya san wannan aiki, ya kuma san bambancinsa da sassabe, inda ake kwantar da komai.

Aikin gwamnati ya taɓa ganin sassabe. A 1975 gwamnatin Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata sama da 10,000, aka haɗa mai laifi da marar laifi, kuma tun daga nan ma'aikaci ya daina sakin jiki da kujerarsa. Rahoton kwamitin Stephen Oronsaye na 2012 kuwa ya fi kusa da ma'anar kalmar: ya ba da shawarar mayar da hukumomi 263 zuwa 161, ta hanyar haɗe masu aiki iri ɗaya da soke waɗanda ba su da amfani. A watan Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya amince a aiwatar da shi. Sai dai gwamnatin da ta rantsar da ministoci 45 a 2023, ta kuma ƙara sababbin ma'aikatu, sai ta yi da gaske kafin a yarda wuƙarta za ta kai rassan sama.

Nan ne abin ya shafi Kuta. Garin ya karɓi iyalan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, kuma abin da suke bukata shi ne malamin makaranta, ma'aikacin lafiya da jami'in tsaro. Idan kuɗin waɗannan aka rage, aka bar jerin gwanon motoci da tawagogin tafiye-tafiye, to saiwa aka sara.

Saboda haka, hadimin da zai rubuta wannan kalma a takardar da zai miƙa wa maigidansa, ya kamata ya fayyace reshen da ake nufi, da kuma aikin da kuɗin da aka tsimi zai koma. In ya kasa, gara ya rubuta "kora", domin ma'aikata su san abin da ke tafe.