Riɗinmu Da Hanyar Teku

Jama'a, a hutun da ya wuce na je gida, wani ƙauye a bayan Kwali, na iske buhunan riɗi jibge a zauren kawuna. Na ce, "Kawu, me ya hana a sayar?" Ya ce ai tun da damina ruwa ya cinye 'yar gadar rafinmu, babbar mota ba ta shigowa. Sai dai a ɗora bisa babur, buhu biyu biyu, har bakin titi. Dillali kuwa ya san haka, saboda haka abin da ya ga dama shi ya ke tayawa.

To, riɗin nan fa ba mu kaɗai ke cinsa ba. Mutanen Japan da Sin da Turkiyya suna saye. Amma kafin ya kai gare su sai ya bi mota ta Lakwaja har Ikko, ya jira jirgin ruwa a Apapa. Duk kuɗin da aka ɓatar a hanya, daga aljihun manomi a ke cire shi, don Bajapane ba zai ƙara ko kwabo ba saboda gadarmu ta karye.

Mu tuna da Kano. Da jirgin ƙasa ya fara aiki tsakaninta da Ikko a 1912, Turawa auduga su ke so. Manoma suka duba, suka ga gyaɗa ta fi riba, suka yi ta kawo ta a kan jakuna da raƙuma. Ashe talaka ba ya bukatar a koya masa ciniki, hanya kawai za a ba shi.

Wani zai ce ai Abuja ma ta sami jirgi. Gaskiya ne, an buɗe hanyar Idu zuwa Rigasa a 2016, aka kuma buɗe tashar kaya ta kan tudu a Kaduna a 2018. Madalla. Amma jirgin nan galibi mutane ya ke ɗauka, kuma dogonsa bai kai bakin teku ba.

Ni a ganina, ko da ya kai, da sauran magana, muddin kaya ba su iya ƙetare rafi. Kuɗin mil guda na dogo zai gina ƙananan gadoji da dama. Kawuna dai ya sayar da rabin riɗinsa da araha don ya biya kuɗin makarantar yara, sauran na nan a zaure.