Kafin ka zuba jikkunanka a katin hoto, buɗe akwatin ka leƙa

Ƙanena ya kusa shekara yana kabu-kabu a Maraɗi, yau ya ajiye ɗari biyar, gobe ya ajiye jikka, duk don abu guda: ya sa wa kwamfutarsa katin hoto, wanda masu gyara ke kira kart girafik, ya buga GTA V da eFootball ba tare da hoto yana tsinkewa ba. Da kuɗin suka taru sai ya ba wani abokinsa mai zuwa Kano saƙo. Aka kawo masa RX 580 mai giga 8, na hannu. Ya soka shi, ya kunna, ya yi wasa kamar minti ashirin, sai ƙaurin roba ya cika ɗaki, allo ya yi baƙi. Ya kira ni murya na rawa: "Yaya, an cuce ni, na bogi aka sayar mini."

Katin lafiyarsa lau. Kwamfutar ce ba ta shi ba. Irin tsofaffin kwamfutocin ofis ne da ake jibgo mana daga Turai, waɗanda akwatin wutarsu, wato alimantasiyo, bai wuce wat 240 ba. Shi kuwa RX 580, shi kaɗai yana jan wajen wat 185, kuma yana buƙatar wayarsa ta musamman mai haƙora 8. Da yaron bai ga wayar a ciki ba, sai ya sayo ɗan abin jonawa ya ɗebo wuta daga wayar diski. Wannan siririyar wayar ce ta narke. An ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Ra'ayina ke nan, kuma na san samari da yawa ba za su so shi ba: a ƙasar nan, katin da ya fi ƙarfi ba shi ne katin da ya fi maka ba. Bidiyoyin YouTube da muke kwana muna kallo, masu yin su na zaune a ɗakin da sanyinsa bai wuce digiri 22 ba, wutarsu ba ta ƙiftawa, in kati ya lalace su mayar wa kamfani. Kai kana Damagaram ko Tawa a watan Afrilu, zafi ya haura 43, rufin kwano, fanka na hura iska mai ɗumi. Katin da ke aiki a digiri 70 a can, a ɗakinka zai doshi 90, ya rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka taɓa gani ba. In hunturu ya zo kuma, ƙura ta like haƙarƙarin katin kamar an shafa masa laka.

Mu yi lissafin wuta. RTX 4090, wanda ya fito a 2022 a kan dala 1,599 na Amurka, wajen miliyan guda na sefa a lokacin, yana jan wat 450. RTX 4060 na 2023 yana jan 115. Awa biyar na wasa, na farko ya sha kilowat sama da biyu, na biyu bai wuce rabin kilowat da ɗan ɗori ba. Wanda ke kan sola da batiri, ko ƙaramin janareta, ya san abin da wannan bambancin ke nufi: wasa har dare, ko duhu tun isha'i. Kuma duk wanda ya ga yadda muka kwana bayan an yanke layin wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agusta na 2023 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Akwai masu ce mini: ai gara mutum ya sayi babba sau ɗaya ya huta shekara biyar. Maganar na da ƙamshin gaskiya, amma ga wanda sauran kayansa suka kai. In allonka na 1080 ne mai sauya hoto sau 60 a daƙiƙa, irin wanda ke hannun kusan kowa a nan, hoto na 61 ba zai taɓa isa idonka ba. In furosesarka i5 ce ta zamanin 2012, ita za ta riƙe wa katin ƙafa, yana zaune yana jiran ta. Na sha ganin wanda ya sa kati mai tsada a kan RAM giga 4 da diski mai juyawa, yana zagin kati. Da ya fara da SSD da ƙarin RAM, da rabin kuɗin ya ji sauyi.

Sai kuma tarkon giga. Mai shago ya san abin da kunnenmu ke so, shi ya sa abin da yake fara faɗa shi ne "giga 4 ne fa!" GT 730 ma akwai mai giga 4, amma GTX 1050 mai giga 2 ya fi shi nesa ba kusa ba. Giga girman rumbu ne kawai, ba ya gaya maka ƙarfin mai noman. Sunan da ke jikin kwali ma ba shaida ba ne. Akwai tsofaffin katunan GTS 450 da ake sauya wa suna a ciki su fito a matsayin GTX 1050 Ti, akwai kuma RX 580 mai lamba 2048SP da aka yi don kasuwar Sin, wanda a gaskiya ɗan'uwan RX 570 ne.

Game da na hannu, ban yarda da masu cewa a guje shi baki ɗaya ba. Da wane kuɗi za a sayi sabo? Gaskiya ne tun da Ethereum ta daina haƙa da katin hoto a Satumba 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka malalo kasuwa, kuma RX 580 na cikin waɗanda aka fi wahalarwa. Amma kati mai haƙa ba lalle ya mutu ba; galibi fanka ce ke gajiya, man da ke tsakanin guntu da ƙarfen sanyaya ya bushe, kuma duka biyun ana sauya su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne saye ta saƙo. Ka je da ƙafarka, ko ka aiki wanda ya san abin. A kunna a gabanka, a buɗe GPU-Z a ga sunan gaskiya, a bar FurMark ya gasa shi minti goma sha biyar kana kallon zafi da allo. Mai kayan da ya ce babu lokacin gwaji, ka yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba.

Da za a tambaye ni, ga mai tsohuwar kwamfutar ofis, GTX 1650 irin wanda ba ya neman ƙarin waya, wat 75 daga ramin uwar allo kawai. In akwatin siriri ne a nemi gajeren samfurinsa. Ga wanda ya haɗa tasa da alimantasiyo na kirki mai wat 500 zuwa sama, RX 6600 mai giga 8 da wat 132 ya ishe shi a allon 1080. Kuma kafin kowannensu, na'urar daidaita wuta, don dawowar wuta ta fi ɗaukewarta kashe kaya.

Shi dai ƙanena Allah ya taƙaita, uwar allon ba ta taɓu ba. Mun samo wani alimantasiyon a wajen mai gyara, muka yi musayar RX 580 ɗin da GTX 1650 a hannun wani mai ɗakin wasanni, har da ɗan ciko aka ba shi. Har yau yana mita wai na sa shi ya yi baya, tun da a takarda tsohon katin ya fi ƙarfi, kuma a nan bai yi ƙarya ba. Jiya da dare na leƙa na iske shi da abokansa uku sun cika ɗakin da ihu, ya ci wani 4 da 1. Na tambaye shi yaushe ya hure ƙurar akwatin, ya ce mini, "Gobe, Yaya," idonsa na kan allo.